In Kunne Ya Ji: Laccar Tunawa da Gary England, Mai Hasashen Yanayi na Oklahoma

 

Da takardar gayyata ta iso mini, abin da aka rubuta shi ne in yi magana a kan hasashen yanayi a kafafen yaɗa labarai. Na ce na ji na karɓa, amma a bar ni in shigo ta ƙofar ta'aziyya. Ranar 10 ga Yunin 2025 wani abokin sana'armu ya mutu a Amurka yana da shekara 85. Sunansa Gary England. Kada sunan ya ruɗe ku, babu abin da ya haɗa shi da Ingila. Ɗan ƙauye ne daga jihar Oklahoma, can tsakiyar Amurka, ƙasar noman alkama da kiwon shanu da haƙar mai. Ban taɓa yin musabaha da shi ba, shi kuwa ko a mafarki bai san da zamana ba. Na kira shi abokin aiki ne don abin da na yi shekaru ina yi a wutsiyar labaran dare, shi ya yi shekara 41 yana yi a gaban kyamara. Inda muka sha bamban, shi in ya buɗe baki gari guda ke yin tsit, ni kuwa da na fara karanta nawa, lokacin matan gida ke tashi duba tukunya.

Sai na fara da iskar, in ba haka ba mutumin ba zai fito muku sosai ba. Mu nan mun san guguwa. Da bazara, rana tsaka, ta taso a fili tana juyi, ta kwashi leda da karan dawa, yara su bi ta a guje, tsofaffi su ce a kauce akwai mutanen ɓoye a ciki. Kafin ka ɗaure zariyar wando ta watse. Wadda ake yi a Oklahoma, da suke kira tonado, juyin kawai suka haɗa. Tamu daga ƙasa take tashi saboda zafin rana. Tasu daga cikin hadari take saukowa kamar hauren giwa, ta dafa ƙasa, ta yi ta tafiya tana niƙa duk abin da ta tarar. Dalili kuwa shi ne inda Allah ya ajiye jihar. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga Tekun Meziko ta kudu, busasshiyar iska tana zuwa daga hamadar yamma, mai sanyi kuma tana gangarowa ta kan duwatsun Roki da wajen Kanada. Tsakanin Afrilu da Yuni sai su yi karo a kan wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta da tudun da zai raba faɗa. Iskar sama na gudu ta wata fuska, ta ƙasa ta wata, har hadarin kansa ya fara juyawa. Daga cikin irin wannan hadari mai juyi ake haifar manyan tonado.

Da daren 9 ga Afrilun 1947 ɗaya daga cikinsu ta faɗa wa garin Woodward, a arewa maso yammacin jihar. Ta riga ta yi ɓarna a garuruwan Texas kafin ta iso, amma mutanen Woodward ba su samu wani gargaɗi ba. Ƙari a kan haka, ma'aikatan tarho na ƙasar suna yajin aiki a makon. Fiye da mutum 100 suka mutu a garin kaɗai, kuma har yau ba a yi wadda ta kai ta kisa a tarihin Oklahoma ba. Gary England yana da shekara bakwai a lokacin, yana Seiling, ƙauyensu, wanda ba shi da nisa da Woodward. A nan aka haife shi ranar 3 ga Oktoban 1939. Yaron da ya tashi yana jin manya na lissafa waɗanda suka rasa a dare ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ya girma idonsa na sama.

Akwai wani abu da na fi so ɗalibanmu na aikin jarida su riƙe a nan. Rashin gargaɗin nan ba duka rashin sani ba ne. Tun 1887 hukuma ta hana masu hasashe na gwamnati su ambaci kalmar tonado a cikin hasashensu, wai kada a firgita jama'a, kuma sai a 1950 aka gama ɗage takunkumin. Shekara sittin da ɗoriya ana ɓoye wa mutane sunan abin da ke kashe su, don a kwantar musu da hankali. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya ji an ce masa "kada ka tayar da hankalin jama'a" ya san wannan muryar, ba ta tsufa. Waɗanda suka fara karya wannan shiru sojoji ne. Ranar 20 ga Maris 1948 tonado ta afka wa sansanin sojan sama na Tinker a gefen birnin Oklahoma ta lalata jirage. Kwana biyar bayan haka hafsoshi biyu, Ernest Fawbush da Robert Miller, suka ga yanayin ya sake ɗaukar kamannin wancan, suka daure suka ce wata na tafe. Aka shigar da jirage rumfuna, aka kawar da mutane. Da yamma kuwa sai ga ta, a sansanin nan dai. Wannan shi ne hasashen tonado na farko da aka yi ya kuma tabbata.

England ya shiga sojan ruwa yana saurayi, a can ya fara koyon aikin yanayi. Ya dawo ya yi digiri a lissafi da kimiyyar yanayi a Jami'ar Oklahoma, ya gama a 1965. Ya ɗan yi aiki a New Orleans yana yi wa kamfanonin da ke aiki a teku hasashe, sannan ya koma gida ya shiga gidan rediyon KTOK. A 1972 tashar talabijin ta KWTV, wadda mutanen garin ke kira Tasha ta 9, ta ɗauke shi. Bai bar gaban kyamararta ba sai 2013.

To me ya yi a shekarun nan da har ya cancanci mu taru a nan, nisan duniya, muna ambatonsa?

Abu na farko da ake faɗa shi ne na'ura. Tsohuwar na'urar rada tana harba sigina cikin hadari, ya bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara ya dawo, sai ta nuna maka inda ruwa yake da yawansa. Ba ta iya gaya maka inda iskar ta dosa. Wanda ya buɗe wannan ƙofa tun 1842 wani masani ne ɗan Ostiriya, Christian Doppler, kuma kowa a zauren nan ya san abin da ya gano ko da bai san sunansa ba. Ka tsaya a bakin titi motar asibiti ta taho da jiniya. Tana matsowa sautin na tsini, tana wuce ka sai ya faɗi ya yi kauri. Jiniyar ba ta canza ba, tafiyar motar ce ta matse sautin ko ta miƙe shi. Haka siginar rada ke yi in ya bugi ruwan da ke tahowa ko wanda ke gudu. A allon kwamfuta ana shafa wa mai tahowa kore, mai gudu ja. In ka ga kore shar da ja wur sun manne da juna a wuri ɗaya ƙanƙane, iska ce ke juyi a wurin. Masu bincike na cibiyar gwamnati da ke Norman, kudu kaɗan da birnin, su suka fara ganin wannan alama a bayanan tonadon da ta daki Union City ranar 24 ga Mayun 1973. Amma na'urar tana hannun masu bincike, mutumin gari bai san da ita ba. England ya matsa wa masu tasharsa lamba har suka zuba kuɗi aka ƙera musu tasu, kuma a Maris 1982 ya zama na farko da ya yi wa jama'a gargaɗin tonado a talabijin da irin wannan rada. Gwamnatin Amurka ba ta gama shimfiɗa nata jerin a faɗin ƙasar ba sai a shekarun 1990. Wannan gaggawa tasa ta jawo masa tsama da hukumar yanayi ta ƙasa, domin yakan fitar da gargaɗi bai jira nata ba, su kuwa suna ganin gargaɗi baki ɗaya ya kamata ya fito, kada jama'a su rasa wa za su bi. Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma ban ga an gama wannan shari'a ba har yau.

Sai dai ni ba na'urar ce ta fi burge ni ba. A farkon shekarun 1990 shi da mutanensa suka fito da wasu dabaru biyu da yanzu kowace tasha a Amurka ke amfani da irinsu. Ɗaya ita ce 'yar taswira a kusurwar allo, wadda ke nuna yankunan da ke cikin haɗari ba tare da an yanke shirin da ake kallo ba. Ɗayar kuwa lissafi ne: kwamfuta ta auna gudun hadarin da inda ya fuskanta, ta jero sunayen garuruwan da ke gabansa, kowanne da lokacin da zai iso masa. Gari kaza ƙarfe 6:40, gari kaza 6:52. Mace tana tsaye a kicin ta ɗaga kai ta ga sunan unguwarsu da minti goma sha biyu a gefensa. Ba ta bukatar digiri kafin ta san abin yi.

Bari in ba ku labarin kaina, ku ga inda abin ya taɓa ni. Ina sabon shiga aiki, takardar hasashe kan zo mana da Turanci, ni ke fassarawa in karanta. Ina ji da kaina ƙwarai. Nakan ce, "Ana sa ran samun gajimare jefi-jefi, tare da yiwuwar tsawa a wasu sassa na yankin arewa maso yamma." Da hutun sallah na je ƙauye, bayan la'asar muna zaune a zaure, ƙanin mahaifiyata yana gyaran ƙotar fartanya, rediyonsa na rataye a ƙusa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗan nan, kullum ina jin ka. Wasu sassan nan da kake faɗa, mu muna ciki?" Na ce, "Kawu, ai abin ya danganta." Ya ce, "To, ruwa za a yi ko ba za a yi ba? Iri nake so in zuba." Na fara yi masa bayanin kashi-kashi cikin ɗari. Ya bar ni na kai aya, ya buga ƙotar da ƙasa sau biyu ya ga ta zauna, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Zan duba gabas da kaina." Shekaru na yi ina jin zafin maganar nan kafin in yarda cewa gaskiya ya faɗa. Ban yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba, amma ban taɓa gaya masa abin da zai iya ɗauka ya tafi gona da shi ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen Kawu yana ji na kowane dare, jikinsa bai ƙaru da komai ba.

England ya gane wannan tun da wuri, ya kuma gane wani abu da ya fi shi zurfi: ranar tashin hankali ba a fara neman yardar mutane, sai dai a ci wadda aka tara. A shekara kwana nawa ne ake tonado? 'Yan kaɗan. Sauran kwanakin duk zafi ne da sanyi da iska, abin da ba mai tsayawa saurare. A waɗannan kwanaki na banza ya yi noman da ya girba daga baya. Yana da barkwanci irin na mutanen karkara. Tun yana rediyo ya ƙirƙiro wani ƙaton ƙadangaren tsawa da babu shi, yana ba da labarin inda aka gan shi. Daren Juma'a yana da wata kirari da yake yi wa birnin, wadda yara da manya suka haddace. Ya yi shekaru yana zagaya ƙananan garuruwa da makarantu da majigi, yana nuna hotunan guguwa yana koya wa yara inda za su ɓuya, har da wani ɗan alade da yake yawo da shi don jan hankalinsu. Na ga wasunku sun yamutsa fuska. Can ƙasarsu ce, a nan sai mu nemi ɗan akuya. Abin lura shi ne yaran da suka yi dariya a zauren makaranta a 1980 su ne iyaye a 1999, kuma sun san muryar nan ba ta ɗagawa a banza.

Darasin da yake maimaitawa gajere ne. Ka sauka ƙasa iya iyawarka. In babu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka shiga tsakiyar gida inda bango ya fi yawa tsakaninka da waje, ban-ɗaki ko ɗan lungun ajiye kaya, nesa da taga. Ka sa yara cikin bahon wanka, ka rufa musu katifa, in akwai hular kwano a sa musu, domin abin da iska ta ɗebo ta jefo shi ke kisa. Wani zai ce me ya hana kowa ya haƙa rami a gidansa? Ƙasar wurin jan yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ginin ƙarƙashin ƙasa na da tsada, don haka yawancin gidaje ba su da shi.

Ranar Litinin 3 ga Mayun 1999 aka ci jarrabawar. Da safe ba a ɗauka ranar za ta yi muni haka ba. Can bayan la'asar hadari ya fara haɗuwa kudu maso yamma da birnin. Wajen ƙarfe 6:23 na yamma babbar ta sauka kusa da wani ƙauye mai suna Amber, ta fuskanci arewa maso gabas, wato kai tsaye inda jama'a suka fi yawa. Ku kwatanta ɗakin watsa shirin a ranku. An yanke duk wani shiri, babu talla. England na tsaye gaban allo, jirgi mai saukar ungulu na sama yana aiko hoto, direbobin tashar irin su Val Castor suna bin guguwar a mota suna faɗa masa ta waya titin da ta tsallaka. Shi kuma yana karɓa yana juya wa mutane da sunayen tituna da mintoci. Yana magana da yaran da iyayensu ba su dawo daga aiki ba, yana gaya musu ɗakin da za su shiga. Da ya ga girmanta sai ya faɗi abin da ba a saba ji daga bakinsa ba, cewa wannan karon tsakiyar gida ba lallai ta wadatar ba, a nemi ƙarƙashin ƙasa. Ofishin hukumar yanayi na Norman ma ya rasa kalmar da za ta ɗauki nauyin abin, nan take ma'aikatansa suka ƙirƙiro sabon matakin gargaɗi na gaggawa da ba a taɓa amfani da shi ba, wanda yanzu ya zama ƙa'ida a ƙasar. Wata rada ta masu bincike da ke kan mota ta auna iskar a kusa da Bridge Creek ta samu kimanin kilomita 480 a awa. Jirgin saman fasinja bai kai wannan gudun ba lokacin da yake barin ƙasa.

Ta yi kusan awa ɗaya da rabi a ƙasa, ta ci tafiyar kilomita 60, ta ratsa garin Moore da kudancin birnin. Dubban gidaje suka lalace, wasu ba abin da ya rage sai daɓen siminti. Mutum 36 ta kashe. Ba na raina rai 36, kowannensu ɗan wani ne. Amma ku ajiye wannan adadi kusa da na Woodward, ƙaramin gari da ya rasa fiye da 100, sannan ku tuna wannan karon unguwannin birni ta bi. Masu bincike da suka auna abin daga baya sun ce da a zamanin rashin gargaɗi ne, da ɗaruruwa za a binne. Ba England kaɗai ya yi aikin ba, akwai sauran tashoshi da hukuma, amma sunansa ne mutane suka riƙa rubutawa da fenti a jikin ragowar bangayensu suna godiya.

Ta'aziyya ba ta hana gaskiya, don haka sai na kawo 2013. Ranar 20 ga Mayu wata mai irin wancan ƙarfi ta sake bin Moore. An yi gargaɗi kimanin minti 16 kafin ta sauka, ta kuma kashe mutum 24, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare ta Plaza Towers, wadda ba ta da mafaka. Malamansu sun ji gargaɗin, sun yi abin da aka koya musu, ginin ne bai iya ba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar Juma'a 31 ga Mayu, gari na cikin makoki da firgici, wata ta taso kusa da El Reno, faɗinta kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Wani mai hasashe a wata tashar ya shawarci waɗanda ba su da mafakar ƙasa su shiga mota su yi kudu. Lokacin tashi daga aiki ne. Manyan hanyoyi suka cushe, dubban motoci suka tsaya cik a fili, hadari na bisa kansu. Da guguwar ba ta mutu kafin ta shiga birnin ba, da abin da za a gani ba ya faɗuwa. Duk waɗanda ta kashe a ranar a cikin mota suke, har da ƙwararren mai bincike Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young.

A ganina laifin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Tashoshin birnin sun daɗe suna tsere, kowa na so a ce radarsa ta fi, jirginsa ya fi kusa, muryarsa ta fi razanarwa, kuma England na cikin waɗanda suka assasa wannan tsere. Maganar nan ta cewa sai a ƙarƙashin ƙasa za a tsira, wadda ta ceci rayuka a 1999, tana da ɗaya gefen. In ka gaya wa wanda ba shi da rami cewa ba zai rayu a gidansa ba, me ka bar masa in ba gudu ba? Alhali ko a mafi munin guguwa, yawancin waɗanda suka laɓe a tsakiyar gida suna fita da rai. Ga kuma wata matsalar: kusan kashi 70 cikin 100 na gargaɗin tonado a Amurka sukan wuce ba a ga komai ba. Mai wannan sana'a kullum yana tsakanin kura biyu. Ya yi shiru a mutu, ya yawaita ihu a daina jin sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga daren El Reno bai ma shafi iskar ba. Bayan guguwar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wani iyali 'yan asalin Gwatamala, mutum bakwai har da ƙananan yara, sun ji ana cewa a shiga ƙasa, ba su da rami, sai suka shiga magudanar ruwa. Ambaliya ta tafi da su duka. Rahoton da hukumar yanayi ta fitar daga baya ya nuna ƙarancin gargaɗi da harshen Sifaniyanci, wanda shi ne harshen dubban mazauna birnin. Garin da ya fi ko'ina a duniya na'urorin hango guguwa, da masana, da jirage, ya kasa isar da jimla biyu ga mutanen da ke cikinsa: ku ɓuya, amma kada ku shiga kwalbati.

Nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu, kuma ba zan ja shi da nisa ba, kun fi ni sani. Kwana goma sha biyu kafin mutuwar England, ruwa ya ci unguwanni a Mokwa ta jihar Neja da asuba, fiye da mutum 150 aka tabbatar sun rasu. Kafin nan, a Satumbar 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ba mu rasa masana ba. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna na fitar da na ambaliya, a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974. Sai dai jerin jihohin da aka karanta a ɗakin taro a Abuja a watan Afrilu ba shi ne gargaɗi ba ga matar da ke kwance da 'ya'yanta a bakin kwari a watan Mayu. Tsakanin takardar da kunnenta akwai wani mutum da ya kamata ya tsaya, kuma mutumin nan mu ne, mu na rediyo musamman, tunda har gobe ita ce ke rataye a ƙusar zaure.

Kuma Allah ya sauƙaƙa mana wani abu. Manyan hadarurrukanmu na damina, masu zuwa da iskar da ke yaye kwano ta kayar da turakun lantarki, galibi daga gabas suke tasowa su yi yamma, a jere kamar sahu, da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Kawu bai yi kuskure ba da ya ce zai duba gabas. Hadarin da ya daki Dutse yanzu, in bai watse ba, yana da kusan awa biyu kafin ya iso Kano. Tauraron ɗan'adam na ganinsa, hoton na kan intanet kyauta, wakilinmu na Dutse ma na iya ɗaga waya. Awa biyu! Mutanen Moore da aka yi wa gargaɗi minti 16 kafin guguwa ta sauka za su ce mu 'yan gata ne. A awa biyu mai shanya a kasuwar Dawanau ya kwashe hatsinsa, mai kwale-kwale ya fasa ɗaukar fasinja, malamin allo ya sallami almajirai daga ƙarƙashin tsohuwar bishiya. Tashoshi nawa ne a cikinmu za su yanke waƙa ko tallar magani su faɗi haka, da sunan gari da ƙarfe nawa? Na bar wa shugabannin tashoshi da ke zaune a nan, tunda su ke sa hannu a jadawali.

England ya sauka daga aikin gaban kyamara a ƙarshen Agustan 2013, wata uku bayan El Reno, ya miƙa wa David Payne, ya koma ofis a kamfanin da ya mallaki tashar. Masu son ganin fuskarsa za su same shi a fim ɗin Twister na 1996, inda ya fito a matsayin kansa, yana yin abin da ya saba. Tashar da ya yi wa aiki ce ta sanar da mutuwarsa, a watan Yuni, daidai lokacin da kakar guguwa ke ƙarewa a Oklahoma. Allah ya ba iyalinsa da abokan aikinsa haƙuri.